Ma'aunin Daraja a Kasuwar Agogon Alfarma

Agogon hannu na alfarma yana cikin kayan da farashinsu ya fi wuyar fahimta, domin aikin da aka ƙera shi ya yi, wato nuna lokaci, agogon roba mai batir ya fi shi iyawa, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nasa ba. Agogon Casio samfurin F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau ake sayar da shi a kan kimanin dala 20, kamfaninsa ya yi alkawarin cewa kuskurensa ba zai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, alhali agogon Suwizalan mai inji wanda ya ci jarrabawar hukuma, wanda kuma ake saya da dubban daloli, an yarje masa ya yi gaba da daƙiƙa 6 a kowace rana, wato minti uku a wata. Duk da haka, a 2023 ƙasar Suwizalan ta fitar da agoguna na faran biliyan 26.7 zuwa kasuwannin duniya, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin wannan shekara, kuma mafi yawan kuɗin ya fito ne daga agoguna masu tsada.

Abin da wannan ke nunawa shi ne mai sayen irin wannan agogo yana biyan kuɗin wasu abubuwa ne daban: ƙwarewar maƙera, da ingancin ƙarfe, da tsufan suna, da ƙarancin kaya a kasuwa, da kuma tsammanin cewa ranar da ya so sayarwa zai sami mai saye. Babu sikelin da ake aza ɗaya daga cikin waɗannan a kai, shi ya sa masu harkar suka koma ga dabarar kafa ma'auni. Ma'auni a nan yana nufin sanannen agogo guda ɗaya wanda farashinsa a shago, da farashinsa idan ya zama na hannu, da ingancin injinsa, da kuɗin gyaransa duk a bayyane suke, ta yadda kowane agogon da aka yi wa mutum tayinsa zai iya jera shi kusa da wannan ya tambayi kansa abin da ya ƙaru, da abin da ya ragu, da kuma ko bambancin kuɗin ya yi daidai da bambancin kayan.

Yadda farashi ya rabu da aikin agogo

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, agogo mai tsada shi ne mai daidaiton lokaci, saboda haka tsada da amfani suna tafiya tare. A ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko da aka kai kasuwa mai aiki da kwaz, wani ɗan dutse mai kama da gilashi wanda ke karkarwa da sauri iri ɗaya idan wutar batir ta ratsa shi. A agogunan kwaz na yau dutsen yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, shi kuwa agogon inji, wanda sifirin da aka wana yake turawa, yawanci bugu takwas yake yi a daƙiƙa. Cikin shekaru kaɗan farashin kwaz ya faɗi warwas, masana'antar Suwizalan ta durƙushe, ma'aikatanta suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanonin da suka tsira sun sake wa agogon inji matsayi, suka mayar da shi kayan ƙawa da gado da nuna isa, kuma tun daga lokacin mai saye ya rasa hanya mai sauƙi ta sanin ko kuɗin da aka ce ya biya sun dace.

Mai sayen gwal a kasuwa yana da abin dogaro da mai sayen agogo ba shi da shi. Matar da ta je sayen sarƙa ta san kuɗin giram a ranar, ta san bambancin karat 18 da 21, ta kuma san cewa abin da ya hau kan wannan kuɗin aiki ne, wanda ba za a mayar mata ba ranar da ta dawo sayarwa. Agogon alfarma da aka yi da ƙarfe marar tsatsa kusan dukansa kuɗin aiki ne da kuɗin suna, domin ƙarfen da ke jikinsa idan aka narke shi bai taka kara ya karya ba. Wannan ya fi shafar Musulmi namiji, wanda shari'a ta hana shi ado da zinariya, saboda zaɓinsa yakan tsaya ne a kan agogon ƙarfe, inda babu nauyin wani ma'adani mai tsada da zai tallafi farashin idan kasuwa ta juya baya.

Dalilin da ya sa ake auna sauran da Submariner

Agogon da masu harkar suka fi ɗauka a matsayin ma'auni shi ne Submariner na kamfanin Rolex. Hans Wilsdorf, Bajamushe, shi ya kafa kamfanin a Landan a 1905 tare da surukinsa Alfred Davis, aka yi rajistar sunan Rolex a 1908, daga baya aka mayar da hedikwata birnin Jeniba, kuma a yau wata gidauniya mai sunan Wilsdorf ce ke mallakarsa. Submariner, wanda aka ƙera domin masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, ya fito a 1953, kuma siffarsa ba ta canza sosai ba cikin shekaru saba'in. Abin da ya ba shi matsayin ma'auni bai danganci fifikon kyau ba, domin akwai agogunan da suka fi shi wahalar ƙira nesa ba kusa ba. Sharuɗɗan ma'auni ne ya cika: an daɗe ana yin sa, akwai shi da yawa a hannun mutane, ana cinikinsa kullum a Jeniba da Dubai da Hong Kong da New York, ana iya gano farashinsa cikin minti kaɗan, kuma akwai masu gyaransa a ƙasashe da yawa. Kamfanin ba ya bayyana yawan abin da yake ƙerawa, amma masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa ya haura agogo miliyan ɗaya a shekara, wanda ke nufin cinikin mutum ɗaya ko goma ba ya iya karkatar da farashin.

Kowane rukuni yana da nasa ma'aunin, kuma kuskure ne a auna agogon fita biki da na shiga ruwa. Ga agogon da ke ɗauke da maƙirgin gudu, wato wanda ake danna maɓalli ya ƙirga tsawon wani aiki, ana komawa ga Speedmaster na Omega, wanda ya fito a 1957, hukumar sararin samaniya ta Amurka ta amince da shi a 1965, Buzz Aldrin kuma ya taka duniyar wata da shi a hannu a 1969. Ga siririn agogo na shiga taro ana komawa ga Calatrava na Patek Philippe ko Tank na Cartier, ga kuma agogon ƙarfe na manyan attajirai ana komawa ga Royal Oak na Audemars Piguet na 1972 da Nautilus na Patek Philippe na 1976, waɗanda mutum ɗaya, Gérald Genta, ya zana su duka biyun.

Abubuwan da ake iya aunawa

Na farko shi ne daidaiton lokaci, kuma a nan akwai hujja rubutacciya. A cikin agogon inji akwai ɗan ƙaramin zobe mai lilo, haɗe da sifirin da ya fi gashin kai siranta, yana juyawa dama da hagu sau 28,800 a awa guda, wato bugu 691,200 a yini, kuma zafi da sanyi da yadda hannu ya karkata duk suna iya sauya saurinsa. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1973, tana karɓar inji ta ajiye shi kwana 15 tana gwada shi a kwanciya iri biyar da yanayin zafi iri uku, wato digiri 8 da 23 da 38, kuma sai injin da matsakaicin kuskurensa ya tsaya tsakanin jinkirin daƙiƙa 4 da saurin daƙiƙa 6 a yini yake samun laƙabin kuronomita, ma'ana agogon da hukuma ta shaidi daidaitonsa. Tun daga 2015 Rolex ya ɗora nasa gwajin a kan wannan bayan an sa injin cikin gidansa, inda yake alkawarin kuskuren da bai wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya ba. A wannan shekarar ce kuma Omega ya fara amfani da shaidar METAS, hukumar awo ta gwamnatin Suwizalan, wadda ba ta yarda agogo ya yi jinkiri ko kaɗan ba, ta kuma taƙaita saurinsa ga daƙiƙa 5, sannan ta wajabta ya jure maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000, alhali tsohuwar ƙa'idar duniya kimanin gaus 60 kawai take nema. Wannan yana da amfani a zahiri, domin maganaɗisun da ke cikin lasifikar waya da murfin kwamfuta yana iya sa zaren sifirin ya manne da juna, agogo ya kama gudu. Grand Seiko na Japan, wanda aka fara yi a 1960, yana da tasa ƙa'idar ta kwana 17 da kwanciya iri shida.

Na biyu shi ne asalin injin. Wasu kamfanoni suna zana injinsu su ƙera shi da kansu, wasu kuwa suna sayowa ne daga masana'antu irin su ETA da Sellita, su yi masa ɗan ado su sa sunansu. Injin da aka sayo ba abin ƙi ba ne, hasali ma samfurin ETA 2824 da takwaransa Sellita SW200 sun yi suna wajen ƙarko, kayan gyaransu suna samuwa, kuma ƙwararren mai gyaran agogo a ko'ina ya san cikinsu. Abin lura shi ne wannan injin guda ana samunsa a agogon da bai kai dala 1,000 ba, ana kuma samunsa a na dala dubu da yawa, saboda haka mai saye yana da haƙƙin ya nemi sanin abin da ragowar kuɗin suka saya masa. Haka nan tambarin da ke nuna an yi agogo a Suwizalan, tun daga 1 ga Janairu 2017 sharaɗinsa shi ne aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira a kashe su a cikin ƙasar, a kuma haɗa agogon a duba shi a can, wanda ke nufin sarƙa ko fuska ko gidan agogon suna iya fitowa daga wata nahiya ba tare da an karya doka ba.

Na uku shi ne jikin agogon: irin ƙarfen, da gilashin fuska, wanda a agogo mai daraja ya kamata ya kasance yaƙutun masana'anta da ba ya karcewa cikin sauƙi, da ƙarfin maƙullin sarƙa, da juriyar ruwa. Lambar mita da ake rubutawa sakamakon gwajin matsi ne a ɗakin gwaji, don haka agogon da aka rubuta wa mita 30 fantsamar ruwa kawai yake jurewa, na ninƙaya kuwa ƙa'idar duniya ta sa masa mita 100 a matsayin mafi ƙaranci. Wanda yake alwala sau biyar a rana ya kamata ya sa wannan cikin lissafi, musamman da yake maɗaurin fata ba ya daɗewa idan ruwa da gumi suna yawan taɓa shi.

Idan aka jera agoguna uku na rukuni ɗaya, amfanin ma'auni yakan fito fili. A 2024 ana sayar da Submariner na ƙarfe a shagon wakilin kamfani tsakanin dala 9,000 da 11,000 gwargwadon samfuri, yana jure mita 300, yana aiki kimanin awa 70 bayan an cire shi daga hannu, kuskurensa daƙiƙa 2. Seamaster Diver na Omega yana kusa da dala 6,000, shi ma mita 300, yana aiki awa 55 bayan an cire shi daga hannu, ya kuma fi Submariner shaidar jure maganaɗisu. Black Bay 58 na Tudor, kamfanin da Wilsdorf ya kafa domin masu matsakaicin ƙarfi, yana kusa da dala 4,000, mita 200, awa 70, da shaidar COSC. Dukansu uku garantin shekara biyar suke da shi. A kan takarda, tazarar inganci tsakanin na farko da na uku ba ta kai ninki biyu da rabi ba, ko kusa, saboda haka ragowar kuɗin suna ne da kuma abin da kasuwar 'yan hannu take yi wa kowannensu.

Farashi biyu na agogo ɗaya

Kowane agogon alfarma farashi biyu gare shi: wanda kamfani ya yanka, da wanda mutane suke biya a tsakaninsu. Mafi yawan agoguna suna zubar da wani kaso mai kauri na kuɗinsu da zarar sun bar shago, kaɗan ne suke riƙe farashinsu, kaɗan daga cikin kaɗan ɗin kuma suke haura shi, saboda wakilan kamfani ba su da isassu, sai mai so ya rubuta suna ya jira watanni ko shekaru. Kamfanoni sun san muhimmancin farashi na biyu, shi ya sa rukunin Richemont, mai mallakar Cartier da IWC da Vacheron Constantin, ya kashe kusan Yuro miliyan 500 cikin shekaru biyu zuwa 2018 wajen sake sayen agogunansa da suka yi kwantai a shaguna, domin kada a karyar da su a kasuwar bayan fage. Shi ma Rolex ya buɗe shirin sayar da agogunansa na hannu masu shaidar kamfani a Disamba 2022.

Daga nan ne ake fitar da lissafin da ya fi kowane amfani, wato ainihin abin da mallakar agogo take ci. Ana ɗaukar kuɗin saye, a cire abin da za a samu ranar sayarwa bayan la'adar dillali, a ƙara kuɗin gyara, sannan a raba da yawan shekaru. A ƙaddara mutum ya sayi agogo dala 10,000 ya sayar dala 9,000 bayan shekara biyar, wani kuma ya sayi na dala 6,000 ya sayar dala 3,500 a daidai wannan lokaci: na farko ya ci masa dala 200 a shekara, na biyu dala 500, duk da cewa na biyun ne ya fi araha ranar ciniki. Sai dai lissafin bai cika ba har sai an tuna cewa na farkon ya daskarar da ƙarin dala 4,000 da za su iya juyawa a wata sana'a. Gyara ma ba ƙaramin abu ba ne, domin man da ke cikin inji yana bushewa, robobin da ke hana ruwa shiga suna taurarewa. Rolex yana ba da shawarar a kwance agogo a wanke a sake masa mai kusan duk shekara goma, Omega kuwa tsakanin shekara biyar da takwas, kuma kowane zuwa ɗaruruwan daloli ne, ga wanda yake nesa da cibiyar gyara kuma sai ya haɗa da kuɗin aikawa da haɗarin hanya.

Idan ma'aunin kansa ya motsa

Ma'auni ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma shekarun 2020 zuwa 2022 sun tabbatar da haka. Annobar korona ta rufe masana'antu da shaguna, kuɗin ruwa a bankunan Turai da Amurka ya yi ƙasa ƙwarai, masu ribar kuɗin kirifto suka shigo kasuwa, sai farashin agoguna a kasuwar 'yan hannu ya yi tashin gwauron zabo. Nautilus na ƙarfe samfurin 5711, wanda a lokacin kamfani yake sayarwa a kan dala dubu talatin da 'yan kai, ya haura dala 100,000 a hannun dillalai bayan an sanar a 2021 cewa za a daina yin sa. Kasuwar ta kai ƙololuwa a wajajen Maris 2022, daga nan bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi, masu ajiya suka fito da kaya a lokaci guda, kuma kafin ƙarshen 2023 alƙaluman da kamfanoni irin su WatchCharts ke tattarawa sun nuna farashin ya zube da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya auna cinikinsa da farashin watan Maris na 2022 ya ga kamar ya yi araha a duk abin da ya saya ƙasa da shi, alhali da ma'aunin da ya kumbura ya yi awo. Saboda haka farashin rana ɗaya bai isa ba, sai an dubi tafiyarsa ta shekara uku zuwa biyar, an kuma bambanta kuɗin da mai kaya ya nema da kuɗin da aka sallama a kai.

Labaran gwanjo ma suna ruɗar mai saye. A Oktoba 2017 gidan gwanjo na Phillips a New York ya sayar da agogon Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a kan kimanin dala miliyan 17.8, a 2019 kuma aka sayar da wani Patek Philippe guda ɗaya tilo a gwanjon agaji a Jeniba a kan faran miliyan 31. Waɗannan kuɗin tarihin mai agogon ne da kasancewarsa ba shi da na biyu, kuma ba su faɗin komai game da darajar ɗan'uwansa da aka ƙera dubbai irinsa.

Wanda ya kafa ma'auni shi ya ci ciniki

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa lambar farko da ta shiga kunnen mutum tana jan hukuncinsa, ko da ba ta da alaƙa da abin da ake magana a kai. A wani bincike da Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa a 1974, an juya wa mutane wata ƙafar caca da aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ba da amsar da ta tsaya a wajajen 25, waɗanda suka ga 65 kuwa a wajajen 45. Shagon kayan alatu a kan wannan rauni yake aiki: ana fara nuna wa baƙo agogon dala 40,000 a cikin akwatin gilashi mai fitila, ta yadda idan aka fito da na dala 12,000 zai ji kamar rangwame aka yi masa, ko a ce masa an rage kashi 30 daga farashin da tun asali ba wanda yake biyansa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan kasuwa an riga an shirya wa idon abin da zai fara gani. Kariyar mai saye ita ce ya zaɓi ma'auninsa tun yana gida, ya rubuta lambar samfurin da farashinsa biyu da iyakar abin da zai iya biya, domin duk wanda ya shiga shago ba shi da ma'auni, da na mai shago zai yi awo.

Dukan wannan lissafi ya rataya ne a kan cewa agogon na gaske ne. Jabun zamanin nan ya kai matsayin da nauyi da sheƙi ba sa tona shi, wani lokaci sai an buɗe baya an dubi injin da madubin ƙara girma, akwai kuma agogon da gidansa na gaske ne amma fuska ko sarƙa ko injin an musanya su. Mai hankali yana neman katin garanti da akwati da rasit, ya gwada lambar da aka zana a jikin agogon da ta katin, ya sa mai gyara mai zaman kansa ya aza shi a kan na'urar da ke sauraren bugun inji ta nuna kuskurensa na yini, ya kuma bincika lambar a rumbun bayanan agogunan sata irin na The Watch Register. Farashin da ya yi ƙasa da ma'auni sosai ba tare da dalili bayyananne ba alamar tambaya ce, kuma wannan na cikin manyan amfanin ma'auni.

Ga mai saye daga Nijeriya akwai ƙarin tarko, wato kuɗin da ake lissafi da shi. Kafin Yuni 2023 dala tana kusa da naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 kuwa ta haura naira 1,500, saboda haka agogon dala 10,000 ya tashi daga naira miliyan 4.6 zuwa sama da miliyan 15 ba tare da darajarsa ta ƙaru da ko sisi ba a kasuwar duniya. Wanda ya ga haka ya ce agogo ya ba shi riba, faɗuwar naira ya auna. Masu amfani da sefa a Nijar da Kamaru da Chadi ba su fuskantar wannan da tsanani, tun da kuɗinsu a ɗaure yake da Yuro, amma su ma daidai shi ne a yi lissafin da kuɗin da ake cinikin agogon da shi, a kuma haɗa da kuɗin fito da harajin shigo da kaya.

Iyakar ma'auni

Akwai abubuwan da ma'auni ba ya kamawa. Gogen hannu da ake yi wa kusurwoyin inji a gidajen ƙira irin su A. Lange & Söhne na Jamus, wanda ƙwararre yake shafe awoyi a kan ƙarfe ɗaya da ba ya kai ƙwayar shinkafa, ba ya ƙara wa agogo daidaito ko da daƙiƙa guda, kuma Grand Seiko yakan yi gogayya da agogunan da suka ninka shi kuɗi wajen kyan aiki, amma yana faɗuwa a kasuwar 'yan hannu saboda sunansa bai kai nasu amo ba. Wanda ya bi ma'auni ido rufe zai ƙare da sayen abin da kowa yake saye, ya bar abin da ransa yake so. Aikin ma'auni shi ne ya raba farashi gida biyu, ya nuna wa mai saye kason da ya biya domin abin da ake iya gwadawa da kason da ya biya domin suna ko sha'awa. Mutum yana da damar ya biya kaso na biyu komai yawansa idan aljihunsa zai ɗauka kuma bai tauye haƙƙin iyalinsa ba, matuƙar ya san adadinsa kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma ɗauke shi a matsayin abin da ya kashe domin jin daɗi, wanda ba lalle ne kasuwa ta mayar masa ba.